Ƙugi ya yi yawa a 350Z ɗin da na saya: taya ce, boris ne, ko aksul?

Mai_Baƙar_Z

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan mota. Wata biyu ke nan da na sayi Nissan 350Z ƙirar 2004, mai giyar hannu shida, 'yar Amurka ce da ta shigo ta Kwatano. Agogonta na nuna mil 118,000, wato wajen kilomita 190,000. Injin lafiya lau, ba hayaƙi, ba shan baƙin mai. Abin da ya hana ni jin daɗinta shi ne ƙugi. Daga mil 35 zuwa 40 yake tasowa, wani irin "wuu-wuu-wuu" mai kauri, in na kai mil 60 sai na ɗaga murya kafin na kusa da ni ya ji abin da nake faɗa. In kuma ina rage gudu zan tsaya a danja, wajen mil 25 zuwa 15 sai ya koma gurnani, har a tafin ƙafa ina jin sa.

Tayoyin da ta zo da su ne a jikinta, 225/45R18 a gaba, 245/45R18 a baya, kuma na gaba da na baya ba kamfani ɗaya ba ne. Salansa ta asali ce. Wani bakanike ya ce in canja boris, wato ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu, na ƙafa huɗu, wani ya ce aksul ne ya tafi, wato akwatin haƙoran baya da ke raba juyi ga tayoyin baya. Dukansu ba wanda ya tuƙa ta ya wuce ƙarshen layi. Ta yaya zan gane gaskiyar inda ƙarar take kafin in fara zuba kuɗi?

Tsohon_Bakanike

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sayi ko noti ɗaya tukuna. Boris huɗu ba sa mutuwa rana ɗaya sai in motar ta kwana cikin ambaliya, aksul kuma muryarsa daban ce da wadda ka kwatanta. Duk ƙarar da ake ji a mota mai tafiya tana da abin da take bi: ko juyin injin, ko ƙarfin da ke bi ta giya zuwa baya, ko juyin taya, ko iska. Naka shi ne ka gano wanne take bi. Rabin awa ya ishe ka, da titi miƙaƙƙe wanda ba cunkoso, da mutum ɗaya mai kunne a kujerar gefe. Kashe rediyo da esi, ɗaga gilasai.

Fara da injin, shi ya fi saurin fita daga zargi. Kai mil 50 a giya ta shida, saurara, sannan ka sauko ta huɗu kana riƙe da gudun yadda yake. Allurar injin za ta yi sama. In ƙugin ya bi ta, to salansa ce, ko wata robar da ke rataye da ita ta tsinke har bututu yana taɓa jikin mota. In ko a jikinsa, sai ka taka kuloci ka sa firi, ka bar ta tana tafiya da kanta. Kada ka kashe injin, domin sitiyari da birki za su yi maka tauri. Ƙugin da ya ci gaba a firi, yana sauka a hankali yadda gudu ke sauka, ba na injin ba ne.

Sai aksul. Kukansa siriri ne, ya fi kama da fito ko injin niƙa da ake jiyowa daga nesa, kuma totur yake bi. Ka taka, ya zo. Ka ɗaga ƙafa, ya ɓace ko ya canja murya. Dalili kuwa, haƙoran da ke cikinsa fuska biyu gare su: da ɗaya suke cizo in injin na tura mota, da ɗayar in mota ce ke jan injin. Kuma ƙaramin haƙorin da farfela, wato dogon bututun da ke kai juyi daga giya zuwa aksul, ke juyawa yana zagaye kusan uku da rabi kafin taya ta yi ɗaya a mai giyar hannu, shi ya sa muryar take sama. Naka mai kauri ne, yana tafe yana bugawa, wannan kuwa takun taya ne. A mil 60 tayar gabanka na juyawa kusan sau 13 a daƙiƙa ɗaya, a mil 20 kusan sau 4, shi ya sa in ka rage gudu kake jin sa ɗaiɗai kamar gurnani.

In ka zo nan, saura biyu: taya ko boris, kuma su ne suka fi ruɗa mutane don muryarsu ɗaya. Nemi wurin da tsohuwar kwalta mai kaushi ta haɗu da sabuwa mai santsi, ka bi ta kai da gudu ɗaya. Taya tana canja murya nan take da ta taka sabuwar kwalta. Boris ba ruwansa da abin da ke ƙasa, yadda yake kuka a nan haka zai yi a can.

Daga nan, a mil 40 zuwa 45, in ba kowa gaba da baya, ka riƙa karkata motar hagu da dama a hankali kamar mai kauce wa rami. In ka karkata hagu nauyi yana komawa ƙafafun dama, in ka karkata dama ya koma hagu. Boris da ya ci zai ƙara kuka in nauyi ya hau shi, ya yi shiru ko ya ragu sosai in nauyi ya sauka. Ba ƙaramin bambanci ba ne, kamar an kunna an kashe ne.

Na ƙarshe iska. Takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ta ce 35 psi. Auna da geji da safe kafin ta yi zafi, ka rubuta abin da ka samu a kowace ƙafa, sannan ka kai su 40, ka sake bin wannan titin. In muryar ta canja, taya ce ke magana, domin iska ba ta shiga cikin boris. Da ka gama ka mayar da su 35.

Ka yi duka, kada ka tsaya a ɗaya. Tayar da ta ci a gefen ciki ma takan ɗan canja murya in an karkata, sai mutum ya rantse boris ne. In uku daga ciki suka nuna wuri ɗaya, sannan ka yarda.

Mai_Gyaran_Taya

Sannu da ƙoƙari, Baba, ka share hanya. Ni dai tun da na ga "350Z" da "2004" da "gurnani in zan tsaya", hankalina ya tafi kan tayoyin gaba. Wannan ciwo sananne ne a na 2003 da 2004. Tun suna sababbi a Amurka, da tayar Bridgestone Potenza RE040 da suka fito da ita, gefen ciki na tayoyin gaba yake ci ba daidai ba, motar ta kama ruri musamman a ƙaramin gudu da lokacin taka birki. Nissan ya sake fitar da awon alaimen na gaba saboda haka. Taka ta haura shekara 20, ta yi mil 118,000, robobin ƙafarta sun tsufa, don haka abin da ya sami sabuwa ya fi samun hanya a kanta.

Ɗan uwa, ba sai da na'ura ba. Ajiye motar a wuri mai haske, murɗa sitiyari har ƙarshe don gefen ciki ya fito fili. Duba da ido tukuna, kada waya ta fito ta yanke ka. Sannan ka shimfiɗa tafin hannu a kan layin zanen da ke can ciki, ka shafa zuwa gaba, ka dawo baya. Lafiyayyar taya santsinta ɗaya ko ta ina. Wadda ta kamu za ka ji santsi ta ɗaya wajen, ta ɗayan kuma kowane haƙori yana kama maka fata kamar bakin zarto, domin gefensa ɗaya ya lashe, ɗayan ya tsaya. Tudun da bai kai milimita ɗaya ba ya isa ya cika maka mota da ƙara, tunda haƙora da yawa ne ke marin kwalta a kowane zagaye. Daga waje ba a ganin komai, sai mutum ya kalli tayar a tsaye ya ce ai sabuwa ce.

Akwai wani cin kuma daban, kada ka haɗa su. In ka ji kwari da tudu masu faɗi, kamar an yi ta ɗiba da ludayi duk bayan taƙi guda, wannan shokazoba ce ta mutu ko balansin ya ɓaci, tayar na tsalle a kan titi. In kuwa ka ji kumburi wuri ɗaya, ko ka juya tayar a sama ka ga zanen yana lanƙwasa kamar maciji, wayar ciki ce ta rabu da roba. Wannan ta wuce maganar ƙara. A cire ta ranar, kada a hau babbar hanya da ita.

Karanta gefen kowace taya ma. Bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2317 na nufin mako na 23 a 2017. Roba tana bushewa da shekaru, a zafinmu kuma ta fi saurin yin tauri, kuma busasshiyar taya ƙararta ta fi yawa ko da zanen bai taɓu ba. In ta haura shekara 6 ka sa mata ido sosai, in ta kai 10 ba ta da sauran aiki. Duba kuma ko akwai hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki. Tayar hunturu ce, da yawa suna shigowa da motocin Amurka da Kanada da cikin tayoyin Baljiyam. Robarta laushi gare ta, tsage-tsagenta sun yi yawa, a kwalta mai zafi tana kuka tana kuma narkewa da wuri. Wasu kuma suna da kibiya mai nuna inda za su juya. In mai faci ya ɗaura ta a juye, ƙara ce da rashin kamun ruwa.

Abin da ke tsananta wannan a motarka: na baya sun fi na gaba faɗi da tsayi, ba a juya su gaba da baya yadda ake yi a Corolla. In ba a musanya hagu da dama ba, taya tana zama a ƙafa ɗaya, tana juyawa wuri ɗaya har ta mutu, ba abin da zai goge mata haƙoran zarton. In kana son hujjar da ba gardama, ari wili biyu masu lafiyayyar taya daga wata Z ko Infiniti G35 mai ƙofa biyu, ramin notinsu ɗaya ne, noti biyar a da'irar milimita 114.3. Ɗaura a gaba, zagaya minti goma. Kada ka kai na baya gaba na gaba baya don gwaji, bambancin tsayin zai ruɗa na'urar hana santsi ta riƙa yanke maka wuta.

Injiniya_Kafa

Na yarda taya ce ta fi kama, amma kada a sallami boris da wuri. Mil 118,000 daidai lokacinsa ne, kuma sau da yawa ana samun biyun tare: a canja taya, ƙara ta ragu rabi, mai mota ya ce an cuce shi. Tunda za a ɗaga motar, a duba gaba ɗaya.

A ɗora ta a kan lif ko a kan ƙafafun ƙarfe, ba jak kaɗai ba, ba bulo ba. Kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Motsi a nan boris ne ko bol join. Kama hagu da dama: motsi a nan kaɗai tayirod ne. Amma ka sani, boris irin na waɗannan motocin a rufe yake da layin ƙwallaye biyu, yana iya yin wata da watanni yana kuka ba tare da ya yi motsi ko kaɗan ba. Wanda ya girgiza ya ce "lafiya lau" bai gama aiki ba. Sa hannu ɗaya a kan sifirin, wani ya juya maka tayar da ƙarfi. Mai lafiya ba za ka ji komai ba; wanda ya ci za ka ji ɓarzar yashi tana biyo ƙarfen zuwa yatsunka. A gaba sifirin yana jikin shokazoba, a baya yana zaune shi kaɗai a kan hannun ƙasa, don haka a baya ya fi kyau ka dafa ƙarfen da boris ɗin ke ɗaure a jiki. In birki na gogar diski yana hana ka ji, tura fad ɗin baya kaɗan da sukudireba.

Na baya sun fi wuyar ji da hannu saboda nauyin shaf da aksul. A nan sai a ɗaga ƙafa biyun baya duka, mutum ya zauna ciki ya kashe na'urar hana santsi, ya sa giya ta huɗu ya kai mil 30 zuwa 40, wani kuma ya ɗora bakin doguwar sukudireba a bayan kowane boris, ya kara kunne a mariƙin. Hagu da dama za ka kwatanta. Wannan aikin lif ne kawai, kuma ba riga mai lilo kusa da abin da ke juyawa. Amfaninsa babba: tayoyi ba sa taɓa ƙasa, duk ƙugin da ya rage na ƙarfe ne. Fitilar ABS ta birki tana iya kamawa, takan mutu in an sake tafiya a titi.

Tunda an ambaci aksul, a buɗe shi a huta. Kwance notin cikawa tukuna kafin na zubarwa, kada ka zubar da mai sannan na sama ya ƙi kwancewa. Mai ya kamata ya kai bakin ramin. Yana cin wajen lita 1.4 na 80W-90 GL-5. Baƙin gari mai laushi a kan maganaɗisun noti ba komai ba ne, ɓarɓashi mai ƙyalli da ake ji a yatsa shi ne matsala. Ɗaga kai ka dubi babban bushin, wato robar da ke riƙe da aksul ta baya a jikin firam: mai ruwa ne a ciki, in ya fashe za ka ga baƙin zirin da ya zubo ya bushe. Alamarsa "dum" in an saki kuloci ko an canja giya, kuma yana ƙara shigo da kukan aksul cikin mota. In wani ya ce maka boris ɗin tsakiyar farfela ne, ka san bai leƙa ba: farfelar 350Z guda ɗaya ce miƙaƙƙiya, ba ta da shi.

Mai_Baƙar_Z

Allah ya saka da alheri, na yi duk yadda kuka ce. Canja giya da sa firi bai taɓa ƙugin ba, totur ma haka. A sabuwar kwalta ya ragu sosai amma bai ɗauke ba. Karkatawa ba wani bambanci mai yawa. Iska na tarar 28 a gaba hagu, 30 a gaba dama, baya 33 duka. Da na kai iskar 40 muryar ta ƙara sama. Na shafa tayoyin gaba, gefen ciki kamar zarto, na hagu ya fi. Lambarsu 1416, na baya 3920. A kan lif ba motsi a ko'ina, sifirin shiru, amma mun ga wata babbar roba a hannun ƙafar gaba ta hagu ta tsage. Kuma babu robar da ke rufe cikin mudgad na baya ta dama, sai ƙarfe tsirara. In canja tayoyin gaba kawai ke nan?

Injiniya_Kafa

A'a, Malam, taya ce ƙarshe. In ka fara da ita, nan da 'yan dubban kilomita sabuwar za ta koma zarto, domin abin da ya ci tsohuwar yana nan.

Ga yadda abin yake. Ƙafar gaban 350Z hannu biyu gare ta a ƙasa, kowanne da bol join ɗinsa: ɗaya miƙaƙƙe wanda shokazoba ke zaune a kai, ɗaya lanƙwasasshe da ya nufi baya, shi ke tare tayar kada ta ja da baya in an taka birki ko an faɗa rami. Babbar robar da ka gani, in a ƙarshen lanƙwasasshen take, ita ce ta fi mutuwa a waɗannan motocin. In ta tsage, a tsaye komai daidai yake, har na'urar alaimen ta nuna kore. Da an taka birki sai tayar ta ja baya, bakinta ya buɗe waje, gefen ciki ya riƙa jan ƙasa a karkace. Wannan jan shi ke fere haƙora, shi ya sa gurnanin ya fi fitowa in za ka tsaya. Ƙarancin iska na 28 ya ƙara taimaka masa.

Don haka a fara da hannayen. Sa ƙarfen banƙara a kowace roba ta hannu biyun, hagu da dama, ka ga wadda ke sakin jiki. A canja hagu da dama tare ko da ɗaya ce ta tsage, shekarunsu ɗaya. In bol join ɗin hannun na da sauran lafiya ana iya matse sabon bushin a ciki da injin matsi. In robar bol join ta fashe, a sayi hannun sukutum. Na G35 mai ƙofa biyu na waɗannan shekarun ƙira ɗaya ne, amma a kai tsohon a gwada da sabon. Kada a buga bushin da guduma, hannun alminiyam ne, kuma kada a yarda da wanda aka yanka daga tsohuwar taya.

Kuskuren da ake yawan yi wajen ɗaurawa: a ƙulle notin bushin tam mota na rataye a sama. In aka sauke ta, robar tana zama a murɗe kullum, ba ta daɗewa. Notin da ya ratsa bushin a kwance, a bar shi sako-sako, a sauke nauyin mota a kan ƙafafunta, sannan a ƙulle.

Bayan haka sai sababbin tayoyi biyu na gaba, iri ɗaya, a yi musu balansin, a kuma duba wilin a kan injin ko ya lanƙwashe. Sannan alaimen na ƙafa huɗu a kan na'ura, ba na igiya da ido ba, iska 35, but ba kaya. A gaba abu ɗaya ne ake iya gyarawa, wato yadda bakin tayoyin ke fuskantar juna. Ka ce a tsuke shi ciki kaɗan, milimita 1 zuwa 2 jimilla, kada ya buɗe waje ko ƙanƙani. Kwanciyar tayar gaba, wadda ake kira kamba, ba ta da notin gyara daga kamfani. In ta bambanta sosai tsakanin hagu da dama, wani ƙarfe ne ya lanƙwashe ko an yanke sifirin an dusar da motar, sai a nemo shi. A baya akwai notuna masu juyawa na kamba da na baki. Tayoyin baya dama a ɗan kwance suke, kusan digiri ɗaya da rabi, haka aka ƙera ta, kada wani ya ce zai miƙe maka su. Notunan nan sukan ci tsatsa a motar da ta zauna inda ake zuba gishiri a titi, a jiƙa su da man kwance tsatsa tun jajibiri. Karɓi takardar awon kafin da bayan gyara ka ajiye. Notin wili 108 Nm ne, da sifana mai awo, ba bindigar iska ba.

Bayan kilomita 2,000 ka sake shafa gefen ciki. In santsi ne, an kashe ciwon.

Mai_Kujera_da_Kafet

Barka da wannan bincike. Ni maganar robar mudgad ɗin da ta ɓace zan yi, don ba ƙaramin abu ba ne a wannan motar. 350Z ba ta da bango tsakanin but da wurin zama, kunnenka bai fi tsawon hannu biyu daga tayoyin baya ba. Duk tsakuwar da taya ta watsa kan ƙarfen nan tsirara, ƙararta cikin ɗaki take faɗowa. Kuma rashinta ta gefe ɗaya yana sa in yi zargin an taɓa gyaran haɗari a wannan kusurwar, tunda motoci da yawa masu shigowa daga gwanjo haka suke, mai fenti ya cire bai mayar ba.

Ɗaga kafet ɗin but ka fitar da safaya. Duba ko kafet da katakon da ke ƙarƙashinsa da sosan gefe suna nan, ko jak da sifana suna yawo, ko an ɗaure safayar tam. Duba ƙasan ramin: akwai ƙananan robobi masu toshe huda, in ɗaya ta fita ƙarar titi kai tsaye take shigowa, har da ƙura da ruwa. A kusurwar baya, bayan bamba, akwai tagar fitar da iska mai leɓen roba wadda ke buɗewa in an rufe ƙofa. In leɓen ya yage ko an bar tagar a cire, za ka ji kamar gilashi a buɗe yake a baya. Da daddare sa fitila mai haske a cikin but, ka leƙa ta ƙasa. Inda haske ya fita, nan ƙara ke shiga.

Ƙofofin ba su da firam a sama, gilashi ne ke sauka kaɗan in an buɗe, ya koma ya matse roba in an rufe. In ba ya komawa daidai za ka ji huci daga mil 55 zuwa sama. Maƙala takarda tsakanin gilashi da roba ka rufe ka ja: in ta zare ba turjiya, a nan iska ke shiga.

In an gama gyaran ƙafa kana son ƙarin shiru, sai shimfiɗa. Mai manne da bayan alminiyam, ta butil mai kaurin milimita 2, aikinta hana ƙarfe kaɗawa kamar ganga. Ba sai an lulluɓe ko'ina ba, kashi ɗaya cikin uku na tsakiyar kowane faffaɗan ƙarfe ya wadatar: ramin safaya, kan mudgad biyu ta ciki, bayan kujeru. Ƙwanƙwasa da yatsa, inda ya yi amo nan za a manna. A wanke wurin ya bushe, a danne da abin mirginawa har iska ta fita. A kanta sai soso mai rufaffen ido wanda ba ya shan ruwa, sannan shimfiɗa mai nauyi wadda ita ce ke tare ƙara, kuma ita tana son a rufe ko'ina ba giɓi. Guji mai kwalta irin ta like rufin kwano. Motar da ke yini a rana a watan Afrilu, narkewa za ta yi ta zame, warin kuma ba ya fita.

Amma a faɗi gaskiya, ko an yi duk wannan ba za ta zama Camry ba. Taya mai faɗin 245 da gajeren gefe, robobi masu tauri, ɗaki ɗaya da but: wani kaso na ƙarar halittarta ce. Abin da za ka kawar shi ne "wuu-wuu" da gurnani, sautin titi mai laushi zai rage.

Mai_Baƙar_Z

Na gode ƙwarai. Tambaya ta ƙarshe: tayoyin gaban zanensu na da saura sosai. In an gyara ƙafa aka yi alaimen, ba za su daidaita da kansu ba?

Mai_Gyaran_Taya

Da ƙanana ne a shekaru, da akwai dabara. In ba masu kibiya ba ne, a musanya wilin hagu da na dama, su koma juyawa a juye, haƙoran zarton su fara gogewa. Ƙarar takan ƙaru a kwanakin farko sannan ta sauka bayan kilomita dubu ɗaya zuwa biyu, in cin bai yi zurfi ba. Amma naka 1416 ne, mako na 14 a 2016. Sun bushe, kuma a gaban motar da ke da ƙarfin doki 287 suke. Kada ka ɓata kuɗin alaimen a kansu. Wajen sayen sababbi ka nemi 225/45R18 mai alamar gudu W ko Y, ka karanta lambar DOT da idonka kafin a ɗaura, ka zaɓi mai layuka miƙaƙƙu da ƙananan haƙora a kafaɗa, ba mai manyan tsage irin na kibiya ba, waɗannan sun fi kuka in sun fara ci. Na bayan ma ka shafa gefen cikinsu yau, ka auna zurfin zanen ciki da na waje. In na ciki ya kusa milimita 3, ka fara tanadin nasu.